Manhajar da Ke Faɗuwa Ranar Kasuwa

Ku da kuke zaune nan kowa da kwamfutarsa a cinya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin ƙofa. Wai aikina ba wani aiki ba ne, kwafe saƙon kuskure ne kawai a zuba a intanet a zauna jiran amsa. Ban ji haushi ba. Wallahi da haka ne, da yanzu da gashi a kaina. Ku dubi sanƙon nan da kyau, ba gado ba ne, mahaifina da sumarsa cif ya koma ga Allah. Rumbun bayanai ne ya yi mini aski, kuma ba da aska ba, da tsiga.

Bari in fara da faɗa muku abin da nake yi, don har matata in an tambaye ta cewa take gyaran waya nake. Duk manhajar da kuka haɗa tana da rumbu a bayanta, inda ake zuba sunaye da lambobi da duk abin da mutane suka shigar. Tsakaninku da rumbun nan akwai kayan aiki. Akwai wanda ke buɗe muku shi ku leƙa ciki, akwai wanda ke kwaso bayani daga wayoyi ya zuba, akwai wanda ke ajiye kwafi don ɓacin rana. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya faɗi, wato ya rufe kansa ba sallama yana tsakar aiki, to ni ake kira. Ba a kirana suna, ba a kirana ɗaurin aure. In wayata ta yi ƙara, wani ne ransa ya ɓaci.

Aikin farko da aka taɓa damƙa mini, a shagon Oga Lawan ne a Kano, inda na koyi sana'ar. Wani mai kantin magani ya kawo kwamfutarsa, manhajar da ke riƙe masa kaya tana faɗuwa. Na kashe na kunna, ta tashi. Na miƙe ina washe baki na ce, “Oga, na gyara.” Oga Lawan bai ko ɗago kai daga kwanon ɗanwakensa ba. Ya ce, “To sake kayar da ita in gani.” Na ce ai gyara aka ce in yi. Ya ce, “In ba ka iya kayar da ita da hannunka ba, ba ka san abin da ya kayar da ita ba. Sa'a ka ci, kuma sa'a ba ta bin mai kaya gida.” Haka na wuni ina ƙoƙarin lalata abin da na gyara, mai kantin yana kallona kamar an haɗa shi da mahaukaci. Oga Lawan ɗin ne kuma ya koya mini karanta log, wato bayanin da manhaja ke rubutawa game da kanta tana cikin aiki. Ka fara daga ƙasa, daga maganarta ta ƙarshe kafin ta faɗi, sannan ka riƙa hawa sama.

Kayan aikina ba su da yawa, duk a jakar nan suke. Kwamfuta, faifan ajiya, igiyoyi iri-iri, tsohon buroshin haƙori na kakkaɓe datti, da ekstenshan, wato doguwar wayar wutan nan mai ramuka da yawa. Ita ba na zuwa ko'ina babu ita, don a yankinmu na Kiru da Bebeji in ka shiga ofis, soket ɗin bango ya fi kujera tsada. Abin da nake fara yi duk inda na sauka shi ne in jona ta in baje kayana.

Masu kawo mini aiki kuwa ku ne, masu rubuta manhaja, kuma dukkanku da magana ɗaya kuke buɗe baki: “Oga, ban taɓa komai ba.” Wani yaro a Tudun Wada ya haɗa wa masu casar shinkafa manhaja, ya kira ni yana rantse-rantse wai rumbunsa ya haukace haka kawai. Na hau mota na je. Faifan ya cika maƙil da bidiyon bikin yayarsa, ko harafi ɗaya ba wurin rubutawa. Na ce, “Wannan fa?” Ya ce, “Au, ai wannan ba ya cikin manhajar.” Wani kuma a Doguwa ya ɗora kwamfutar a kan katifa don kada ta ji ciwo, ya toshe mata duk kafar shan iska. Zafi ne yake sumar da ita da azahar. Irin waɗannan su suka sa kaina ya fara girma. Na riƙa tafiya ina jin babu faɗuwar da za ta gagare ni tsakanin Bebeji da dutsen Doguwa.

Har na kai ga haɗa tawa manhajar, 'yar ƙarama, mai kwaso bayani daga wayoyin ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka ta zuba a rumbu. Na raba wa yaran da na koyar, suna ta amfani da ita, ni kuwa ina ta hura hanci. A cikinsu akwai Hajara, kuma ba na jin na taɓa koyar da mai natsuwarta. Ta yi aure a Ƙafin Maiyaki, ta samu aiki da wata ƙungiyar manoman masara, ta haɗa musu manhajar da ke riƙe sunayen manoma da gonakinsu, don in lokacin rabon iri da taki ya zo a san na kowa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanjuma, shi ne mahaifin mijinta. Dattijo ne na gaske, ba shi da hayaniya, amma in ya yanke magana ta yanku. Da ƙyar ya yarda surukarsa ta riƙa fita aiki, kuma ya yarda ne don ofishin nasa ne.

Wata ranar kasuwa da yamma Hajara ta kira ni. Ta ce, “Malam, manhajarka ta faɗi tana tsakar zuba bayani. Wasu sunayen sun shiga rabi, wasu sun ɓace.” Na ce ta turo mini log. Layin ƙarshe ya ce an nemi faifan ajiya ba a same shi ba. Na ce ta duba faifan. Ta ce yana nan a jone, fitilarsa tana ci. Na ce, “To kashe ki kunna, 'yar matsala ce.” Allah ya ji ƙan Oga Lawan, da ya ji ni da ya jefe ni da cokali.

Kasuwa ta zagayo, ta sake faɗuwa. Ta sake zagayowa, haka. Sauran ranakun mako lafiya lau take aiki kamar agogo. Kuma ranar kasuwa ita ce ranar da ma'aikata ke dawowa daga Ba'awa da Badafi da sauran ƙauyuka da wayoyinsu cike da bayani, ranar da aka fi buƙatarta ke nan. Duk faɗuwa ɗaya, Hajara sai ta bi mutum-mutum tana tambaya tana sake shigarwa da hannu. Manoma suka fara gunaguni, wani ya zo ya ga babu sunansa, wani ya ga gonarsa ta koma ta maƙwabcinsa. Alhaji ya aika mata ta bakin mijinta, don shi ba ya yi mata magana kai tsaye. Ya ce in damina ta sauka abin nan bai daidaita ba, za a koma rubutu a takarda yadda aka saba, ita kuma ta zauna a gida ta huta. Hajara da kanta ta kira ni ta faɗa mini. Ta ce, “Malam, in na koma gida a kan wannan, ba zan ƙara fitowa ba. Kuma ba wata mace da za a ƙara ɗauka a nan.”

Na shirya na tafi da kaina ranar kasuwa. Ofishin ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kujerar Alhaji a gefe, da wutar sola. Soket ɗin bangon ramuka biyu gare shi, ɗaya na kwamfuta, ɗaya na akwatin faifan da rumbun ke ciki. Na cire kwamfutar na jona ekstenshan ɗina a raminta, na mayar da ita jikinsa, na baje kayana na zauna gadi. Wuni guda manhajar nan ko tari ba ta yi ba. Na tashi ina kakkaɓe riga na ce wa Hajara, “Kin gani? Tsorona take ji.” Mako na gaba ban je ba, ta faɗi. Na koma, ta zauna lafiya. Jama'a, na fara yarda da gaske cewa akwai wani kwarjini a jikina da na'ura ke ganewa. Har matata na faɗa wa. Ta ce to in gwada shi a kan fankar ɗakinmu da ta shekara ba ta juyawa.

Babu abin da ban zarga ba. Na canja igiyar faifan. Na canja faifan gaba ɗaya. Na sa aka kira mai sola ya duba batir, ya ce lafiyarsa ƙalau, ya bi ni da harara. Na zargi zafi, na zargi yawan wayoyi, na zauna a gida na jona wayoyin duk 'yan gidanmu na tura wa manhajar bayani kamar ruwan sama don in kayar da ita, ta ƙi faɗuwa. Na warware wurin da take rubutu a faifai na sake saƙawa. Daga ƙarshe na sauke girman kai na rubuta wa mutanen ƙasar waje da suka haɗa tushen da na gina tawa a kai, na jera musu Turanci mai tsawo har da sakin layi. Wani ya amsa mini da layi ɗaya, wai in duba ko fulogin a jone yake. Kai! Ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba. Ni Injiniya guda, a ce in duba fulogi? Duk da haka na kira Hajara a sace na ce ta duba. Ta ce daram yake. Na ce, “Wani yana shigowa ofishin ya taɓa wani abu?” Ta ce, “Ba wani mai shigowa, Malam.”

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, an fara sharar gona. Ni kuma na rame, dabara ta ƙare mini. Ranar kasuwar da ta zo na hau acaɓa daga bakin titi, jakata a baya. Wani akuya ya gitta, ɗan acaɓan ya taka burki, muka zube a gefen hanya. Ba wanda ya ji ciwo sai mutuncina da ekstenshan ɗina, wadda ta fashe gida biyu. Haka na isa ofis da ƙura a gwiwa, ba abin jonawa. Na zauna a lungu da kwamfutata a kan batir, ina kallon manhajar tana zuba bayani a allon Hajara.

Wajen hantsi aka yi sallama. Tun kafin a rufe baki Hajara ta miƙe, ta ja mayafinta, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaida mai shigowa kanta a ƙasa, sannan ta sulale waje. Kun san dai al'ada, suruka ba ta zama ɗaki ɗaya da uban mijinta. Alhaji ne. A sauran zuwan da na yi ma haka take fita, ban taɓa kawo komai a raina ba. Na zame daga kujera na tsuguna.

“Ranka ya daɗe, barka da hantsi.”

“A'a, Injiniya! Kai ne tafe? Yaya gida, yaya iyali?”

“Lafiya lau, Alhaji.”

“Yaya ƙoƙari? Yaya muka ji da zafi?”

Yana gaisuwar nan yana zaro wayarsa da caja daga aljihun babbar riga. A ƙauye yake kwana wajen gonarsa, can babu wuta, ranar kasuwa kaɗai yake shigowa gari. Ya duba ƙasa inda na saba shimfiɗa ekstenshan, bai ga komai ba. Sai ya miƙa hannu bango cikin natsuwa, irin ta wanda ya saba, ya tsallake fulogin kwamfuta, ya zare na akwatin faifai, ya soka cajarsa.

“Yaya mutanen Bebeji?”

“Suna... suna gaisuwa, ranka ya daɗe.”

Ina tsugune, bakina yana amsa gaisuwa, idona yana kan allo, manhajata ta faɗi warwas a gabana. Abin da na yi wata da watanni ina nema. A take komai ya warware mini. Duk ranar da na zo, a ramukan ekstenshan ɗina yake caji, shi ne kwarjinin nawa. Ranar da ban zo ba, sai ya zare wanda yake gani ba ya kashe allo. Kuma da yake mutum ne mai tsari, in zai tafi sai ya mayar da fulogin yadda ya same shi. Hajara ta dawo ta tarar da komai a jone.

Alhaji ya zauna a kujerarsa, ya hango jan rubutu a allo. Ya girgiza kai ya ce, “To ka gani da idonka, Injiniya. Kullum haka. Ni ba na son in matsa wa yarinyar nan, amma da alama abin ya fi ƙarfinta.” Kafin in buɗe baki manoma sun fara shigowa suna gaishe shi, ɗaki ya cika, ita kuma na san tana nan bayan taga tana jin komai.

Nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu kwafe saƙo ku zuba a intanet. Gyaran kansa ba komai ba ne. Amma wa zai faɗa? In na ce, “Alhaji, kai ne,” na kunyata dattijo gaban mutanensa da gaban surukarsa, kuma a kan aikinta. Ko ya bar ta ta ci gaba, gidan nan ba zai ƙara yi mata daɗi ba, duk lokacin da ya gan ta zai tuna. In na yi shiru kuwa, ta tafi gida. Na ji tsoro sosai, ban ɓoye muku ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba laifinta ba ne. Aikinta tsaf yake. Manhajata ce ba ta da ƙwari.”

Ya ce, “Taka?”

Na ce, “Tawa. Yau na gano. Da zarar wuta ta ɗan motsa sai ta zube, maimakon ta jira.”

Kuma ba ƙarya na yi ba. Manhajar da za a zare fulogi ta watsar da aikin mutane a rabi, ai ba ta cika manhaja ba. Sai dai gaskiyar ta fi haka tsawo, ni na yanke ta a inda ta ishe ni. Alhaji ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya wajen manoman ya ce, “Kun ji ko? Ashe ba yarinyar ba ce, Injiniya ne.” Wani tsoho ya ce, “Af! Dama ni tun da na ga yawan igiyoyin nan nasa na san da wuya.” Ɗaki ya ɗauki dariya, ni ma na taya su, me zan yi.

Kafin kasuwa ta zagayo na koya wa manhajar haƙuri. In ta nemi faifai ba ta samu ba, ta riƙe abin da ke hannunta ta jira, kuma ba ta zuba komai sai cikakke. Na kawo mai wayarin ya fitar da sabon soket dab da kujerar Alhaji, na ce don baƙi ne. Tsohon soket ɗin kuwa na sa aka yi masa ɗan akwatin katako. Da muka keɓe na tambayi Hajara, “Ba ke kika ce ba wani mai shigowa ba?” Ta zaro ido ta ce, “Malam, ka ce wani. Baba ai ba wani ba ne.” Ban faɗa mata sauran ba, ita ma ba ta tambaya ba. Aka yi rabon iri da taki lafiya, sunan kowa ya fito, ta ci gaba da aikinta.

Ni kuma shekarata ta baƙin ciki ta fara. Magana in ta fito daga bakin shugaban manoma ranar kasuwa, ba ta kwana ba ta kai Doguwa ba. Yaron Tudun Wada, mai bidiyon biki, ya kira ni wai zai ɗan dakata da manhajata tukuna. Shi fa! Wayata ta yi tsit har na riƙa duba ko layin ne ya lalace. In na sauka a tasha, 'yan acaɓa su ce, “Injiniya, yau kasuwa ce, a yi hattara kada a faɗi.” Zama ya ishe ni, na karɓi aron gona a Ba'awa na shuka masara, ni da rabona da fartanya tun ina firamare. Abin da na girbe, kajin gidanmu ma sai da suka raina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Abu ɗaya nake lallashin kaina da shi, cewa na yi wayo, na fitar da yarinya, dattijo kuma bai san komai ba. A hankali aiki ya dawo, don manhajar ta daina faɗuwa a ko'ina, amma tsokanar ba ta bar ni ba har yau.

Bayan 'yan shekaru Hajara ta haihu, kuma abin mamaki aka gayyace ni suna. Alhaji ya tsufa sosai, yana zaune a kan darduma a zaure ana ta zuwa gaishe shi. Na durƙusa na gaishe shi zan tashi, sai ya riƙe hannuna ya jawo ni kusa, ya rage murya.

“Injiniya, soket ɗin nan na baƙi yana nan yana aiki. Ni kaɗai ne baƙon.”

Na ce, “Madalla, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Ranar nan, ina zare abin nan na ga idonka ya bi hannuna ya koma allo. Tsufa na yi, ban makance ba. Na zauna ina jira ka faɗa gaban jama'a, har na shirya fuskar da zan yi. Sai na ji ka ɗauka.” Ya ɗan murza yatsuna. “Na so in gyara maganar daga baya, na kasa. Kai ka fi ni ƙarfin hali. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini a gaban 'yata.”

Ya saki hannuna, ya juya ya amsa gaisuwar na bayana.